Ƙwaryar Goggo

Daga Allah muke, kuma Goggo ta riga mu komawa gare Shi. Ta cika da hantsi a rugarmu ta bayan Yasore, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ban yi kuka ba sai da masu ta'aziyya suka fara shigowa, kuma rabin kukan na haushi ne.

Mata suka cika tsakar gida, kowa da abin da za ta faɗa. Wata ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, ta huta." Wata ta ce, "Mace mai kunya, ba a jin kanta da kowa." Wata kuma ta gyara zama ta ce, "Ita dai ba ta son shiga mutane, haka Allah Ya yi ta." Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai. Haka Allah Ya yi ta? Matar da a da in ta yi dariya a gindin tsamiyar masu nono ana jiyo ta daga kara, wajen masu shanu? Yawancin masu maganar sun girme ni nesa ba kusa ba. Sun san Goggo tun ƙafarta tana kasuwar Batsari, kuma sun san ranar da ƙafar ta ɗauke.

Tsohuwar da ta saba yi wa matan yankinmu wankan gawa ta ja ni gefe tun da safe. Ta rage murya ta ce, "Ke Nas, ba ki taho da safar hannun nan taku ta asibiti ba?" Na ce ban taho da ita ba. Nan take ta tuna bayanta yana ciwo tun jiya. Ni da Inna, mahaifiyata, muka yi wa Goggo wanka da hannuwanmu, muka haɗa ta.

Sai ga matar tela daga Batsari, ɗanta ya kawo ta a akori-kurarsa. Tun daga bakin shinge ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Allah, ta ce ƙawarta ta tafi ta bar ta. Da ta gaji aka miƙa mata ruwa. Ta karɓa, ta juya moɗar, ta dubi Inna ta ce a hankali, "Ba dai tata ba ce ko?" Na buɗe baki, Inna ta mintsine ni a cinya. Zan dawo kan matar tela, ban manta da ita ba.

A waje maza suna kan tabarmi, Baba a tsakiyarsu. Ina jiyo su suna ce masa, "Malam, sai haƙuri. Ai kai ka yi iya ƙoƙarinka, ba ka raba ta da magani ba." Baba ya tsura wa tabarma ido. Ko amin ɗin addu'a da leɓe kawai yake yin ta.

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Baba malamin asibiti ne tun zamanin En'e, yanzu shi ne babba a ɗakin shan magani na Safana. Ni kuma 'yarsa, nas. Gida guda da ma'aikatan lafiya biyu, amma Goggo ta kwashe rabin rayuwarta cikin ciwon da ba wanda ya koya mana sunansa. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ba na son abin da zai saura daga gare ta ya zama maganar matan nan, wai ba ta son shiga mutane.

Ban ga Goggo ta kasuwa da wayona ba, a bakin Inna na san ta. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, mai faɗa, nononta kuma mai tsada. In ta ɗoro ƙorai uku a ka daga Yasore ba ta riƙewa, hannuwanta suna saƙar faifai tana tafiya tana hira. Furarta ba ta kai azahar. Tana sa citta da kanumfari daidai, kuma ba ta yarda ta tsinka nono da ruwa ba ko da rani, abin da ya sa sauran masu nono suke ce mata mai wa'azi. In mai saye ya cika ciniki sai ta ɗora faifai a kan ƙwarya ta ce, "Je ka sha na rijiya, shi kyauta ne."

Lokacin da aka ce kowace ruga ta ba da yaro a kai makarantar boko, Baba aka bayar, don shi ne maraya kuma ba shi da ƙarfin kiwo. Goggo ce ta raka shi har ƙofar makarantar tana zagin dogarin da ya zo ɗaukarsa. Duk ranar kasuwa sai ta ware masa fura kafin ta sayar wa kowa, ta tsaya a jikin katanga har ya fito ya sha. Baba da bakinsa yake cewa da furar Adda ya yi karatu. Adda yake ce mata, yadda ake kiran babbar ya a gidanmu.

Ya gama koyon aikin magani ya dawo Batsari daf da samun 'yancin kai, da farar rigar aiki da keke sabo. Ranar Goggo ba ta sayar da nono ba, rabawa ta yi.

Farin tabon ya fara fito mata ne bayan ƙyanda ta ɗauke mata ɗa na goye. A kan yatsu ya fara, kamar an ɗiga madara, ba ƙaiƙayi ba zafi. Ta sa lalle don ta rufe, sai lallen ya kama farin wurin ya yi jawur, ya fi da fitowa. Mata suka fara raɗa cewa albaras ne, ƙanen kuturta. Goggo ta ce ita da take da malamin asibiti a gida ba za ta zauna ana yi mata raɗa ba. Ta je wurin ƙanenta.

A lokacin akwai ƙa'ida a ɗakunan shan magani. Duk ranar kasuwa ana raba wa kutare ƙwaya a ƙarƙashin wata bishiya a bayan ɗakin, kowa ya haɗiye a gaban malami. An zaɓi ranar kasuwa don mutanen ƙauye su huta da zuwa sau biyu. Kuma duk wanda ya zo da tabon da ya canza launi, wannan layin zai shiga a gwada shi. Gwajin ba wuya: a rufe wa mutum ido, a shafa auduga a kan tabon. In bai san an taɓa shi ba, kuturta ce. In ya nuna wurin, ba ita ba ce. Hanyar da masu zuwa kasuwa daga yamma suke bi ta gefen bishiyar nan ta wuce.

Baba yana iya gwada ta a gida, auduga ce kawai. Amma yaro ne sabon fitowa, an cika musu kunne cewa ƙasa ta zama tamu, ba sauran son kai, ɗan sarki da ɗan talaka layi ɗaya. Ya ce mata, "Adda, in na duba ki a ɗaki za a ce na ɓoye cutar 'yar'uwata. Ki zo ran kasuwa kamar kowa, a gani a fili." Ta zo. Ta sauke ƙoranta a gefe, ta tsuguna tsakanin masu dungu tun safe har rana ta take, duk mai wucewa yana waiwaye. Da layi ya zo kanta ya rufe mata ido da kallabinta, ya shafa audugar, ta nuna ko'ina ba kuskure. Baba ya yi ta murna. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ba komai ba ne, Adda. Ba ya ciwo, ba ya kisa, ba ya yaɗo. Tashi ki tafi kasuwarki."

Ta tafi kasuwarta. Matar tela, wadda kullum take fara saye, ta zo ta tsaya, ta dubi hannun Goggo a kan ludayi, ta ce, "Yau muna azumi." Ta matsa gaba kaɗan ta sayi na wata. Ranar Goggo ta koma Yasore da ƙoranta yadda ta zo da su. Mako ya zagayo, aka maimaita.

To, a nan ne ta roƙi abin da ba ta taɓa roƙa ba. Inna tana wurin, da la'asar ne a zauren gidanmu na Batsari. Goggo ta ƙi zama a tabarma. Ta ce, "Abu guda nika so gare ka. Ran kasuwa ka sanya farar rigarka, ka taho gindin tsamiya, ka tsuguna gabana. In dama maka da hannun nan, ka sha kowa na kallo. Shi ke nan."

Baba ya yi dariyar da mutum yake yi in an sa shi a tsaka mai wuya. Ya ce, "Haba Adda! Ni in tsuguna tsakiyar kasuwa ina shan fura? Surukaina nan suke cin kasuwa. Yaushe kika ga namiji a gidanmu ya kai abu baki a gaban surukai? Ga shi ni ma'aikaci ne."

Ta ce, "Ai don kai ma'aikaci ne. In kai ka sha, wa zai ce da cuta?"

Ya ce, "Na gaya miki ba komai ba ne. Jahilci ne ke damunsu. Ki share su, zai wuce."

Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce wane abu ne shan fura a kasuwa. A wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Namiji ba ya ci a hanya, ba ya ci a kasuwa, in ya hangi surukinsa ko lomar tana bakinsa sai ya san yadda ya yi da ita. Na san da haka, ni ma cikin wannan halin na tashi. Amma ita ma Goggo cikinsa ta tashi, kuma a wannan tarbiyyar babbar ya ba ta roƙon ƙanenta abu sau biyu. Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Baba ya ga ranta ya ɓaci, sai ya nemo dabarar da yake gani ta fi. Ya sa mai shela ya zagaya kasuwa yana cewa, "Jama'a ku saurara! Malamin asibiti ya ce a gaya muku, yayarsa mai nonon Yasore ba kuturwa ba ce! An gwada ta!" Waɗanda ba su ga Goggo a layin kutare ba, ranar suka ji. Har mutanen Safana da na Runka da suka zo cin kasuwa suka koma gida da labari. Goggo tana zaune a gindin tsamiya shela ta zo ta wuce ta kanta. Inna ta ce ba ta yi kuka ba. Ta ɗora faifai a kan ƙwarya, ta ce, "Madalla da boko." Wannan ce ranarta ta ƙarshe a kasuwa.

Kalmar nan ta zama tata har ta mutu. In rediyo ya ce za a kawo wa makiyaya ruwan famfo, madalla da boko. In na zo hutu ina yi wa yara faɗa su wanke hannu da sabulu, madalla da boko. Ba ta ɗaga murya in za ta faɗe ta, kuma ba ka sanin inda za ka sa fuskarka.

Goggon da na sani da wayona mai zaman bukka ce. Ta ware moɗarta da kwanonta da kanta, tun kafin wani ya ware mata. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, bai sake ta ba kuma bai taɓa yi mata gori ba, sai dai ya koma cin tuwo a wurin ƙanwarsa, ya ce ba ya son ya wahalar da ita. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki. 'Yan maduban da ke jikin faya-fayenta na ado duk ta ɓamɓare su. Amma kowace safiya sai ta fito da babbar ƙwaryar kasuwarta ta wanke, ta goge, ta kife a rana, ta mayar. In na tambaye ta wa take wanke wa, sai ta ce, "Ina ruwanki, sarkin tambaya?"

Ni kaɗai take dama wa fura, shi ma sai ta saki asabarin ƙofa. Baba kuwa, duk ranar da ya zo ruga a kan babur ɗinsa, sai ta kira wata daga matan gidan ta ce, "Zo ki dama wa Malam." In ya ce, "Adda, taki nika so," sai ta ce, "A'a, kada in ɓata maka farar riga." Tun daga ranar zaure bai ƙara ɗanɗana furarta ba. Suna gaisawa, yana kawo mata atamfa da sukari, tana sa masa albarka. Wannan shi ne faɗansu, kuma ban taɓa ganin faɗa mai tsawonsa ba.

Yanzu matar tela. 'Yan shekaru bayan ranar azuminta ta yi haihuwa mai wuya, ruwan nono ya ƙi zuwa, jariri yana ta ƙanjamewa. Labari ya kai Yasore. Goggo ta shiga aiko da madara da man shanu gidanmu, ta ce wa Inna, "Ki kai mata, ki ce daga gidanku ne. In ta ji nawa ne za ta zubar, yaron ya mutu a banza." Haka aka yi har yaro ya kama cin tuwo. Shi ne ƙaton da ya tuƙo uwarsa zuwa ta'aziyya. Har gobe matar tela tana yi wa Inna godiya. Goggo ta hana a faɗa tana raye, Inna ta hana ni faɗa a zaman makoki. To, na faɗa a nan, mai karatu ya karanta mata.

Tabon bai tsaya a yatsu ba. Bayan shelar nan ya haye hannu har gwiwa. Shekarar farin da ya kashe shanu, wadda mijinta ya rasu a cikinta, ya kewaye mata baki da idanu. Ita ta fara lura. Ta ce wa Baba, "Duk sa'ad da raina ya ɓaci ƙwarai, in an jima sai in ga ta ƙara ci." Baba ya ce, "Wannan camfi ne, Adda. Ina ruwan fata da ɓacin rai?" Da barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina shiga, ta koma wuni guda ba ta ce uffan ba, sai ya kawo mata maganin ƙarin jini. Mutanen ruga suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Kowa ya ba ta abin da yake da shi, ban da abin da ta roƙa.

Kada a ɗauka Baba mugu ne. Mutumin nan ya sha keta dajin Rugu a kan keke da damina don ya yi wa yara lambar rigakafi. Akwai mutane da yawa a ƙasar Batsari da Safana da suke da yatsunsu a yau saboda ya gano kuturtarsu da wuri. Abin da aka koya masa ya yi, kuma ya yi shi da gaskiya. An koya masa ya tambayi fata tambaya ɗaya: ke kuturta ce ko ba ke ba ce? In ta ce a'a, aikinsa ya ƙare. Ba wanda ya ce masa mai fatar za ta tashi daga gabansa ta koma cikin mutane.

Na zaci zamaninmu zai bambanta. Na shiga makarantar nas lokacin da kuɗin fetur ya fara zuba, an ba mu littattafai masu hotuna masu launi. Na buɗe babin fata ina neman ciwon Goggo, na same shi. Hoton hannun Baturiya ne, sai ka ƙura ido kafin ka ga tabon. A ƙasa an ce ba shi da illa, sha'anin kyan gani ne kawai. Na tuna hannun Goggo, baƙi wuluk da fari fat, a kan ludayi, a tsakiyar kasuwa. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa ganin mace da ke cin abinci da tsabtar hannunta ba. Darasin fata aka yi mana a wani zango. Darasin ciwon ƙwaƙwalwa aka yi a wani zangon daban, aka kai mu muka leƙa waɗanda aka ɗaure da mari. Malamin wannan bai san malamin wancan ba. Mutumin da ke tsakani, wanda bai yi hauka ba amma baƙin ciki yana cin sa saboda abin da ke jikinsa, ba shi da babi.

Da na fara aiki na lallashe ta har ta yarda mu je wani babban asibiti a birni. Mun hau motar kiya-kiya a kan sabuwar kwalta. Ta sa safar ƙafa a hannuwanta, ta ja mayafi har hanci, cikin zafin bazara. Asibitin sabon gini ne, ga injuna a baranda ko akwatunansu ba a buɗe ba. Likitan daga ƙasar waje aka ɗauko shi, ba ya jin Hausa, ni na yi tafinta. Mutum ne mai fara'a, har ya kama hannunta da nasa hannun ba safa. Ina jin wannan ne ya buɗe mata baki. Goggo, wadda take wuni ba magana, ta shiga zuba. Ta faɗi layin kutare, ta faɗi shela, ta faɗi yadda take kwana ido biyu tana jin kukan shanu. Ta ce, "Gaya mashi, ɗiyata, da ba don tsoron gamuwa da Allah ba, da tuni rijiyar fadama ta san ni." Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Na fassara duka, ban rage ko kalma ba.

Ya saurara, fuskarsa ta nuna tausayi. Ya dubi layin da ke bakin ƙofa. Ya rubuta man shafawa, ya ce shi na fata ne, maganar barci da tunani kuwa akwai sashenta a can baya. Muka fito muka bi inda ya nuna. Wani dogon ɗaki ne mai ƙarafa a taga, wani yana ihu a ciki. Goggo ta tsaya ta ce, "Nan ina ne?" Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon ƙarafan. Ta ce, "Ƙanena ya sa ni layin kutare. Wanga kuma ya ce in shiga na mahaukata. Ke da kika yi karatu, akwai sauran wani layi?" Ta ce, "Madalla da boko. Kai ni tasha."

Likitan bai saɓa littafinsa ba, shi ya fi ba ni haushi. Da ya ja kujera ya ce ta sake zuwa wurinsa, a ɗakin da ta riga ta saki jiki, da ta zo. Amma ba a koya masa cewa wannan ma aikinsa ne ba. Man shafawar, takalman yaran kiwo aka riƙa laushe da shi.

Ga masu koyar da mu, in wannan ta kai gare ku: har yau haka kuke yaye mu. Budurwa za ta zo ɗakin shan magani fuska duk ƙuraje, kanta a ƙasa, ta daina zuwa makaranta, mu ba ta man shafawa mu ce na gaba. Ni ina tambayarsu ko suna barci, ko suna cin abinci da mutane, ko akwai wanda ya daina gaishe su. Abokan aikina suna cewa ina tsayar da layi. Ba a aji na koyi tambayar ba, kuma ba na ganin daidai ne sai mutum ya yi asarar goggonsa kafin ya koya.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Tari ne, ya sami jikin da ya daɗe ba ya cin abinci. Baba ya zo daga Safana da jakar allurai, ya zauna a bakin gadonta na kara. Ina ciki. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Adda, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe maka tuntuni. Littafinku ne bai faɗa maka ba."

Can ya ce, "To ki dama mini fura. Ko kaɗan."

Ta juyo ta dube shi. Idonta tar, hankalinta garau. Ta ce, "Nan ba kasuwa ba ce."

Ya ce to bari ranar kasuwa ta zo, zai ɗauke ta a mota, zai sa farar rigar. Ta rufe ido. Ba ta kai ranar kasuwar ba.

Bayan an share makoki, ranar kasuwar Batsari, Baba ya aiko in same shi a gidanmu na Batsari, in taho da ƙwaryar Goggo da ludayinta. Na tarar da shi cikin farar rigar aiki, an yi mata guga. Ya wuce gaba na bi shi. Muka keta 'yan gishiri, muka keta 'yan tireda, ana ta gaishe shi, "Malam, ya haƙuri?" Yayyen Inna suna zaune a rumfarsu, suka miƙe don su gaisa, ya ɗaga musu hannu kawai.

Tsamiyar tana nan. Masu nonon duk yara ne, da bokitan roba, ba wadda ta san wace ce Goggo. Baba ya sayi fura da nono a wurin ta farko, ya ce a juye a ƙwaryar nan. Yarinyar ta shafa ƙwaryar ta ce, "Kai, wannan ta sha wanki. Ta wace ce?" Ya ce, "Ta yayata ce. Nan take zama." Ya tattare farar rigarsa, ya tsuguna a ƙasa, ya ce in dama masa. Na dama.

Mutane suka fara tsayawa. Yayyen Inna suka sunkuyar da kai don kunya. Wani ya ce a bayana, "Malamin asibiti ne fa. Rasuwar nan ta taɓa shi." Wani ya ce, "A kai shi birni a duba shi tun da wuri." Ba wanda ya gane abin da yake yi. Waɗanda za su gane, wasu sun mutu, wasu sun ga dama sun manta. Shi kuwa yana ta kai ludayi baki, fura tana ɗiga a kan farar rigar.

Da ya kai rabi ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ke kin sha tata. Haka take?"

Na so in yi masa ƙarya, ubana ne. Na ce, "A'a, Baba. Tata ta fi."

Ya gyaɗa kai. Ya shanye sauran har ƙasan ƙwarya, kowa yana kallo.

Allah Ya gafarta wa Goggo, Ya yalwata mata kabari. Ya shayar da ita daga tafkin Manzonsa, inda ba wanda zai juya moɗa ya tambayi ko tata ce.